Mun Cire Linzamin Kwamfuta, Mun Gwada Darasin Intanet

Bashir: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Ni ne Bashir, ga Anti Rabi a gefena, ga kuma Malam Sani ya iso da kwamfutarsa. Malam, sannu da hanya.

Malam Sani: Yawwa Bashir, sannunku. Malama Rabi, ina gajiya?

Rabi: Ba gajiya, Malam. Yaya ɗalibai?

Malam Sani: Suna nan lafiya, alhamdu lillahi.

Bashir: Yau aiki za mu yi a kunnenku. Anti Rabi ta shafe wata biyu tana gina wani kwas na intanet don masu koyon aikin lafiya a matakin farko, kan tamowa da gudawa a jikin yara. Akwai bidiyo, akwai tambayoyi, akwai wuraren da ɗalibi zai taɓa ko ya ja abu ya ajiye. Ga wanda bai san Malam ba, malamin kwamfuta ne da ke koyar da ɗalibai makafi, shi ma kuma tun yana yaro ba ya gani. Shi ne muka ce ya zauna a matsayin ɗalibi ya yi darasi na uku daga farko zuwa ƙarshe, mu ji yadda za ta kaya.

Rabi: Bari in faɗi inda na tsaya kafin a fara. Na bi shafukan da WAVE, manhajar nan da ke duba shafi ta nuna maka kurakurai. Ta nuna min guda bakwai, na gyara su duka. Don haka a ganina kwas ɗin ya yi.

Malam Sani: To madalla. Bashir, zare min linzamin nan ka ajiye shi can, don kada wani ya ce zai taimake ni. Muryar da za ku ji tana fita daga kwamfutar, NVDA ce. Ita ke karanta min abin da ke kan allo. Kyauta ce, wasu makafi biyu 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka fara ta a 2006. Da ita yawancin ɗalibaina ke aiki, saboda JAWS, wata manhajar karanta allo irinta, ta kuɗi ce, ba kowa ke da halin saye ba. Ni kuma tafiyata duk da maɓallin Tab ce. Duk bugu ɗaya, sai in tsallaka zuwa abu na gaba da ake iya latsawa.

Bashir: Bismillah.

Malam Sani: Na shiga. Sunana da lambar sirri sun wuce lafiya, kowane gurbi ya faɗa min sunansa. Kanun darussa ma a jere suke, ga na uku. Wannan aiki ya yi kyau, Malama. To… tsaya. Kun ji?

Rabi: Bidiyon ne ya fara.

Malam Sani: Da kansa ya fara, ban taɓa shi ba. Yanzu murya biyu ke magana a kunnena, taki da ta NVDA, kuma ba na jin ko ɗaya. Kafin in tsayar da shi sai na nemo maɓallin tsayarwa, kafin in nemo maɓallin kuma sai na ji abin da NVDA ke faɗa. Ina bugun Tab… ta ce "button". Na sake, "button". Na sake, "button". Maɓalli uku ke nan, babu mai suna. Wanne ne na tsayarwa, wanne ne na ƙara murya, Allah masani. Bari in gwada na farko. To, ya tsaya.

Rabi: Akwai alama a jikin kowanne fa, Malam. Sanda biyu a tsaye, da hoton lasifika.

Malam Sani: Zane ne, ido kawai yake yi wa magana. Sai an rubuta masa suna a bayan fage kafin manhajar ta san abin da za ta ce. Bari in sake kunna shi in saurara.

(Bidiyon ya yi kamar minti biyu, sai ya yi shiru.)

Malam Sani: Ya yanke. Sabis ne ya ɗauke?

Bashir: A'a Malam, tambaya ce ta fito a tsakiyar allo. An rubuta, cokali nawa na sukari ake zubawa a lita ɗaya ta ruwa. Ga zaɓi uku a ƙasa.

Malam Sani: To ka ga, da ni kaɗai ne a ɗaki, da yanzu na tashi na je duba data. Babu abin da ya gaya min tambaya ta fito. Ni har yanzu ina tsaye a kan maɓallin bidiyo, tambayar kuma tana can wani wuri. Abin da ya kamata, da ta fito a ɗauke ni a kai ni cikinta, a karanta min, in na amsa a mayar da ni inda nake. Bari in neme ta. Tab, Tab, Tab… na dawo maɓallin farko. Zagaye nake yi a cikin bidiyon. Escape ma bai fitar da ni ba.

Rabi: Innalillahi. Wato ko fita ba za ka iya ba?

Malam Sani: Sai dai in sake loda shafin. Wannan shi ake kira tarkon kibod: ka shiga da kibod, ba ka iya fita da shi. Amsar dai na san ta, cokalin shayi shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya. Amma ba ni da hanyar da zan gaya wa kwas ɗin na sani.

Bashir: Anti, na ga kina rubutu.

Rabi: Dole in rubuta. Malam, tsallake bidiyon ka je aiki na biyu, na jera matakai.

Malam Sani: Ga ni. Umarnin ya ce, ja kowane kati ka ajiye shi a gurbinsa. Ina jin katunan: wanke hannu, auna ruwa, zuba garin, gauraya. Kowanne NVDA na cewa ana iya latsa shi. Na latsa Enter, shiru. Na gwada Space, na gwada kibiyoyi, babu abin da ya motsa. Nan ma na tsaya. Kuma ƙasa an ce ba za a buɗe min darasi na huɗu ba sai na gama wannan.

Rabi: Waɗannan katunan ba a cikin Moodle, manhajar da na gina kwas ɗin a kanta, na yi su ba. A wata manhajar ƙawata darasi na haɗa su na liƙo, saboda sun fi kyau, suna da motsi. Moodle tana da nata tambayoyin ja-ka-ajiye da ake iya yi da kibod, na san da su, na bar su.

Bashir: To ni abin da ya ɗaure min kai, ta yaya WAVE ta bar duk wannan ya wuce?

Rabi: Ba laifinta ba ne, ni na ɗora mata abin da ba aikinta ba. Ita rubutun da ke bayan shafi take dubawa. Za ta gaya maka hoto ba shi da bayani, ko rubutu ya yi fari-fari a kan bango mai haske. Amma ba ta zama ta yi darasin. Abin da kuma aka liƙo daga waje cikin akwati, sau da yawa sai ka buɗe shi daban ka duba. Su kansu masu manhajar, mutanen WebAIM da ke Jami'ar Jihar Utah a Amurka, suna faɗa cewa sai mutum ya bi da kansa.

Malam Sani: An ma taɓa gwada abin. A 2017 ma'aikatan da ke kula da shafukan gwamnatin Birtaniya suka gina shafi da gangan, suka cusa masa matsaloli sama da 140, sannan suka saki irin waɗannan manhajoji a kansa. Babu wadda ta kama ko rabi.

Bashir: Ke nan ba su da amfani?

Malam Sani: Suna da shi sosai. Su WebAIM ɗin duk shekara tun 2019 suna duba shafin farko na gidajen yanar gizo miliyan ɗaya da aka fi shiga. A 2024 sama da kashi 95 cikin 100 an same su da kuskuren da na'ura ke iya ganowa, kuma wanda ya fi yawa shi ne rubutu marar fitowa sosai. Ka ga ko wannan sharar ta sama mutane ba su yi ba. A fara da ita. Amma abin da ɗalibi zai taɓa, ya ja, ya amsa, wannan sai da hannu. Tambayar da nake yi ɗaya ce: na fara aikin, na iya kai shi har inda zan miƙa, an kuma gaya min sakamakona? Idan amsar a'a ce, ko shafin ya ci maki ɗari a wajen na'ura, ni dai ban yi darasi ba.

Bashir: Anti, akwai wata ƙa'ida a rubuce da ake bi, ko kowa da ganinsa ne?

Rabi: Akwai. Sunanta WCAG, ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ce ta fitar. Ta farko a 1999, sai ta 2008 wadda ta daɗe ana aiki da ita, sai 2018, sai ta baya-bayan nan, 2.2, a watan Oktoban 2023. Matakai uku ne, A da AA da AAA, kuma yawancin makarantu AA suke nema. Abin da ya dame ni, duk abin da Malam ya ci karo da shi yanzu yana ciki. Sauti ya fara da kansa ya wuce daƙiƙa 3 ba tare da hanyar tsayar da shi ba, an hana. Tarkon kibod, an hana, kuma a matakin A yake, mafi ƙasa. Ita kuma ta 2023 ta ƙara da cewa duk abin da ake yi da ja, dole a samar da hanyar yin sa da latsawa kawai.

Malam Sani: Wannan ta ƙarshen ba don makafi kaɗai aka yi ta ba. Akwai mai rawar hannu, akwai wanda shan inna ya taɓa wa hannu, akwai mai aiki da yatsa ɗaya. Shi yana ganin katin sarai, riƙe shi har ya kai gurbi ne ba zai iya ba. Amma in ka ce masa taɓa katin, sannan taɓa gurbin, ya gama.

Bashir: Mu je tambayar hoton, don ita nake jira.

Malam Sani: Anti Rabinka ta buɗe min ita ta baya. Ga ta. An ce, dubi hoton ka faɗi halin da yaron yake ciki. NVDA ta karanta bayanin hoton: "hoton hannun yaro". Shi ke nan.

Rabi: Da can babu komai, WAVE ta nuna min, na sa wannan.

Malam Sani: Ita kuma ta gamsu, tunda ta ga rubutu. Ba ta san rubutun bai ce komai ba. Me ke cikin hoton?

Rabi: Tef ɗin awon damtse ne, wanda ake naɗa wa yaro ɗan wata 6 zuwa wata 59. Yana da launi uku. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 rawaya, matsakaiciya. Daga 12.5 zuwa sama kore. A hoton, tef ɗin ya tsaya a ja. To Malam, ga inda na maƙale, kuma na daɗe ina tunaninsa. Idan na rubuta "tef ya nuna ja, yaron yana da tamowa mai tsanani", ai na ba da amsa. Idan na ɓoye, na hana ka tambayar. Shi ya sa na rubuta abin da ba zai tona komai ba.

Malam Sani: Bari in tambaye ki. Me kike son ki sani game da ɗalibin? Cewa idonsa na bambance ja da kore, ko cewa ya san ma'anar awon?

Rabi: Ma'anar awon.

Malam Sani: To a hoton, tef ɗin a lamba nawa ya tsaya?

Rabi: 11.2.

Malam Sani: Rubuta haka. "An naɗa tef a damtsen hagu na yaro ɗan wata 18, ya tsaya a santimita 11.2." Ba ki ba ni amsa ba. Sai na san iyakar 11.5 kafin in ce mai tsanani ce. Har ma tambayar ta fi ta masu gani wuya, tunda su ja kawai za su hango su latsa.

Rabi: Wallahi kuwa. To ai gara in sa lambar a jikin tambayar kowa ya gani, in rage girman launin.

Bashir: Malam, ka yi haƙuri da tambayar da zan yi, amma na san akwai masu sauraron da ita ce a ransu. Wanda ba ya gani, zai je ƙauye ya auna hannun yaro ne? Idan ba zai yi aikin ba, me ya sa za a wahala a gyara masa kwas ɗin?

Malam Sani: Gara da ka yi ta, don ana yi min ita a bayan ido. Na farko, ba mai riƙe tef kaɗai ke buƙatar ilimin nan ba. Akwai mai wayar da kan iyaye mata, akwai mai shirin lafiya a rediyo, akwai mai tattara rahoto a ofis, akwai uwa makauniya da ke da ɗa mai gudawa. Na biyu, tsakanin mai gani garau da irina akwai jama'a da yawa. Akwai wanda sai ya ninka girman rubutu sau biyu yake karatu. Akwai wanda ja da kore duk ɗaya ne a idonsa, kuma ya fi yawa a maza, wani ma bai san yana da shi ba. Shi zai auna yaro lafiya lau, don lamba zai karanta. Na uku kuma, wanda ya fi min ciwo: ba mai gina kwas ne zai yanke wa mutum sana'ar da zai iya ba. Makaranta ta ɗauke shi, ya biya kuɗi. Kada katin da ba ya motsi ya zama shi ne ya kore shi.

Bashir: Na karɓa. To idan aka ce a bar katunan yadda suke, shi kuma a tura masa tambayoyin a takardar Word ya amsa ya dawo da su?

Malam Sani: An sha yi min haka lokacin da nake wani kwas. Abokan karatuna suna amsawa, nan take a gaya musu sun ci ko sun faɗi, su sake gwadawa sau uku, sau huɗu. Ni kuwa sai in tura takarda in jira mako biyu, wani lokaci malamin ya manta. Kafin amsa ta zo an wuce babi biyu. Amfanin irin wannan aiki ai shi ne gyaran nan take. In ka cire shi, ka ba ni wani abu daban, kuma ƙarami. A matsayin maganin wucin gadi kafin a gyara, na yarda. Amma ba ya zama shi ne tsarin ba.

Rabi: Maganar gyaran nan take ta tuna min. Malam, zaɓi amsa ka latsa "duba".

Malam Sani: Na latsa. Shiru.

Rabi: Akwatin ya koma kore. Ka ci.

Malam Sani: To a rubuta "daidai" ko "ba daidai ba", kuma a sa manhajar ta furta shi da kanta ba sai na je nema ba.

Bashir: Ni kuma bari in kawo nawa, don jiya na gwada a waya. Yawancin ɗaliban nan fa ba kwamfuta gare su ba, Android ce a hannunsu. Akwai wani hoton jikin yaro da aka sa wa ɗigo-ɗigo, ka taɓa ka ga alamar rashin ruwa a jiki, ido ya faɗa, baki ya bushe. Ɗigon ido da na baki sun matsu da juna, in na nufi ɗaya sai ɗayan ya buɗe. Da na fita tsakar gida cikin rana kuwa, rubutun nan mai ruwan toka ya ɓace gaba ɗaya.

Rabi: Duka biyun suna da awo. Wurin taɓawa kada ya gaza fiksel 24 a tsaye da kwance, ko a bar tazara tsakaninsu. Rubutu kuma bambancin haskensa da bango ya kai 4.5 bisa 1. Ruwan tokan nan ina jin a cikin akwatin da na liƙo yake.

Malam Sani: Kuma ka kunna TalkBack, mai karanta allo ta waya, ka sake bi, tana nan cikin saitin yawancin wayoyin Android. Da farko za ta rikita ka, don taɓawa ɗaya karantawa ce, sai ka taɓa sau biyu abu ke buɗewa. Abin da ya yi aiki da kibod ba lallai ya yi da ita ba.

Bashir: Sai agogo. Gwajin ƙarshe minti 10 aka ba shi, tambaya 10.

Malam Sani: Kai kana kallon tambaya da zaɓi huɗu a lokaci guda. Ni sai na saurare su ɗaya bayan ɗaya, in na manta na farko in koma. Minti ɗaya ba ya isa. Ƙa'idar ta ce a bar mutum ya kashe agogon, ko ya ƙara shi har ninki goma, ko a gargaɗe shi a ba shi aƙalla daƙiƙa 20 ya nemi ƙari, sai fa inda saurin shi ne ainihin abin da ake gwadawa. A nan saurin ake gwadawa, Malama?

Rabi: A'a. Tsoron satar amsa ne ya sa na sa shi. A Moodle ana iya ƙara wa ɗalibi ɗaya lokaci shi kaɗai, zan yi hakan a jarrabawa. Amma wannan gwajin koyo ne, cire agogon zan yi. Ko mai gani ma, sabis ya ɗauke masa minti uku ya tashi a banza.

Bashir: Ba mu taɓo kurame ba.

Rabi: Nan kam na yi ƙoƙari, amma da kyar. Na bar na'ura ta rubuta maganar bidiyon da kanta, sannan na zauna na bi layi-layi. Da Turanci nake bayanin, kuma a wuri guda na ce sha biyar ta rubuta hamsin, don a Turanci sun yi kama a kunne. A darasin lafiya, wannan ba ƙaramin kuskure ba ne. Hanyar gwadawa mai sauƙi ce: kashe sautin gaba ɗaya ka kalli bidiyon, sannan ka amsa tambayoyin. In ka kasa, kurma ma zai kasa.

Malam Sani: A ƙara da cewa kurame da yawa, rubutu ba shi ne harshensu na farko ba. A Kano akwai maganar hannu ta Hausa da kurame ke yi a tsakaninsu tun da daɗewa, daban take da wadda ake koyarwa a makarantu, mai tushe daga ta Amurka. Don haka jimlolin su zama gajeru, in da hali kuma a sa mai fassara da hannu a gefen bidiyon.

Bashir: Ga fargabata. A 2015 ƙungiyar kuramen Amurka ta kai jami'o'in Harvard da MIT kotu saboda bidiyoyin karatunsu na intanet, wasu babu rubutu, wasu rubutun cike da kuskure. Aka sasanta, Harvard a 2019, MIT a 2020, suka yarda za su gyara. Amma Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, da ma'aikatar shari'ar ƙasar ta ce nata ba su cika ƙa'ida ba, sai a 2017 ta janye laccoci sama da 20,000 daga idon jama'a. Garin neman ƙiba aka samo rama. Idan masu kuɗi irin waɗannan sun ga abin ya yi tsada, ina ga makarantunmu?

Malam Sani: Abin ya yi min ciwo ni ma, don babu makaho ko kurman da ya ce a rufe wa kowa. Amma duba dalilin tsadar. Shekara da shekaru ana tara bidiyo ba a yi musu rubutu ba, rana ɗaya aka ce a biya bashin duka. Tun ran gini ran zane. Malama Rabi darasi nawa gare ki?

Rabi: Takwas.

Malam Sani: Takwas ana gyara su a mako biyu. Mu da muke fara gina namu yanzu, mu ne ma muke da sa'a. Kuma mu ma muna da doka. A watan Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa wariya, wadda ta tabbatar musu da haƙƙin ilimi, aka kuma kafa hukuma ta ƙasa a kansu. Mutane sun fi tuna ta in ana maganar matakalar bene, amma karatu yana komawa waya da kwamfuta.

Bashir: Akwai wani abu da na lura ɗazu. Da NVDA ta zo kan kalmar "ƙarancin abinci" da Anti ta sa da Hausa, ban gane abin da ta ce ba.

Malam Sani: Muryar Turanci ce ke karanta Hausa. Ƙ da ɗ da ɓ suna ba ta wahala, wani lokaci ta haɗiye harafin, wani lokaci ta kira shi da wani dogon suna. Mu mun saba, muna bin kalmar harafi-harafi mu gane. Abin da mai gina kwas zai yi shi ne ya yi wa sashen alama cewa Hausa ce, ya rubuta haruffan na gaskiya, kada ya ɗauki hoton rubutu ya liƙa. In kalmar mai muhimmanci ce, ya naɗi muryarsa ya ajiye a gefe da maɓalli mai suna.

Rabi: Malam, ɗalibanka za su yarda su gwada min sauran darussan? Na gane ni ko na rufe ido ba zan bi shafin yadda kake bi ba. Na riga na san inda komai yake.

Malam Sani: Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Za su yarda, amma da sharaɗi. A biya su, a ba su kuɗin mota da data, don aiki ne suke yi. Kada ki ɗauki gwanaye irina kaɗai, ki haɗa da wadda ta fara koyon NVDA wata uku da suka wuce, don ita ce za ta tsaya inda ni zan lallaɓa in wuce. Ki nemo kurma, ki nemo mai matsalar hannu. In suna yi kuma ki zauna ki yi shiru, ko kin ga sun ɓata kada ki ce "latsa can". Ki rubuta inda suka tsaya da abin da suka ji. Wajen gyara ki fara da abin da ke hana mutum wucewa, sannan wanda ke ɓata masa lokaci.

Rabi: To a takardata, masu hana wucewa uku ne: tarkon bidiyo, katunan, da sakamakon da ba ya magana. Katunan a daren nan zan mayar da su tambayar Moodle. Bidiyon zan raba shi biyu, in sa tambayar a tsakani a matsayin shafi na kanta.

Malam Sani: In kin gama turo min, ranar Asabar ina da aji da safe, mutum shida ne. Sai mu bi darasi na uku tare, ki zo ki zauna a baya.

Rabi: Ƙarfe nawa?

Malam Sani: Tara. Ki taho da abin jin sauti na kunne ko guda biyu ne, namu sun lalace.

Bashir: Ni ma zan zo da na'urar naɗar murya, in ɗaliban sun amince mu kawo muku abin da suka samu a shiri na gaba. Malam, ga linzaminka.

Malam Sani: Na Malama Rabi ne, miƙa mata.

Bashir: Masu sauraro, mun gode. Sai mun sake haɗuwa, assalamu alaikum.